Yadda zauren kakanmu a Garwa ya kusa zama butik

Tun ranar da na sa hoton zauren gidanmu bayan an gama yaɓe mutane suka dame ni da tambaya, wani yace gwamnati ce ta gyara muku ko, wani yace ai Turawa ne suka zuba kuɗi, har da wanda ya kira ni wai in haɗa shi da su shima yana da tsohon gida. Babu Bature babu gwamnati a kuɗin aikin nan. Bari in zayyana yadda aka yi tun daga tushe, dan na san akwai masu irin gidan a Marwa da Ngaundere da Kusiri da ke cikin ruɗanin da na shiga.

Gidan yana unguwar Hausare, cikin tsohon garin Garwa a arewacin Kamaru. Kakan babanmu ne ya gina, bafatake ne daga ƙasar Kano, goro da tufafi yake kawowa ya koma da fata, ya zauna a nan bayan Ingila da Faransa sun karɓe garin daga hannun Jamus a 1915. Lokacin Garwa tashar jirgin ruwa ce, in Binuwai ya cika da damuna jirage su hauro daga Najeriya su sauke gishiri da yadi su loda gyaɗa da auduga, wata biyu zuwa uku ruwa ya ja shikenan sai baɗi. Fulanin gari jawleru suke yi, zaure kewayayye mai rufin ciyawa, shi kuwa sai ya aika aka zo mishi da magini daga gida ya yi mishi soro irin na Kano. Shi ya sa har yau tsofaffin unguwa gidan soro suke ce mana, ko da yake yanzu rabin gidan farfan ne, wato bulon siminti, da kwano.

Abin da ya rage na asali uku ne, zaure da shigifa da turakar kaka mai ɗan bene a kai. Zauren ne abin kallo. Faɗinsa mita 5 da ɗan wani abu kowane gefe kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Wanda bai san ginin ƙasa ba zai ce to sai me, amma azara ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta kai mita 2, lanƙwashewa take yi. Dabarar magina ita ce bakan gizo, a dasa azara cikin bango ta leƙo, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa tana sunkuyawa, daga wancan bangon ma haka har su haɗu a sama sannan a lulluɓe su da ƙasa. Namu baka huɗu ne, biyu ta nan biyu ta can suna gittawa, rufin ya tashi kaman an kife ƙwarya, shi ne ɗaurin guga. Can tsakiyar rufin akwai wani tsohon farantin tangaran da aka manna, muna yara mun sha jifansa da ƙwallon goruba ana zane mu. Bango daga ƙasa ya kusa mita guda a kauri yana sirancewa in ya yi sama. Ƙofar shiga da ta wucewa ciki ba sa kallon juna, mai wucewa a titi ba zai hango komai ba, kuma ƙofar gajera ce, ko kai wane ne sai ka sunkuya. Zanko, tsinin nan na kusurwar saman soro, huɗu ne a da, guda ɗaya na tarar.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, dan wanda ya fi kowa cutar zauren nan ni ne. Da na samu aiki, cikin albashina na farko-farko na sayo simintin Figil na kira wani mai gini ya shafe bangon waje kaf, aka buga fenti, a tunanina na hutar da Baba wahalar yaɓen kowace shekara. Baba Allah ya jiƙansa yace Allah ya yi albarka, bai ƙara komai ba. Goggo ƙanwarsa ce ta tsaya ta kalli bangon tace ɗan nan ka sa wa tsoho rigar da ba tashi ba. Na yi dariya na wuce.

Shekara takwas bayan nan, Baba ya riga ya rasu, wani daren Agusta ana ruwa kaman da bakin ƙwarya sai muka ji rugum. Da safe na fito na tarar da ɓangaren siminti mai girman tabarma kwance a titi. Na kai yatsa bangon da ke bayansa, wallahi yatsan ya nutse har gaɓa kaman tuwon da ya kwana, ga hanyoyin gara ko'ina ga wani warin ruma. Abin da ya faru shi ne siminti da ƙasa ba sa kama juna na dindindin, rana ta gasa simintin ya yi ƙananan tsaga, ruwa ya shiga ta nan, kuma da ya shiga ba shi da hanyar fita. Yaɓen ƙasa yana jiƙewa amma rana ɗaya biyu ya bushe. Wannan kuwa shekara takwas bango na jiƙe a ciki daga waje yana sheƙi. Ga kuma titi da aka yi ta ciko har ya fi dakalinmu tudu, ruwan unguwa duk gindin bango yake kwanciya.

Ba a yi sati ba wani ɗan kasuwa ya zo wa Hamma, babban yayanmu, da magana. A rushe zauren a fitar da butik huɗu, wato shaguna, shi zai gina da kuɗinsa ya cire a haya. Aka kira taron magada bayan sallar Juma'a, mu goma sha ɗaya ne, ga Bappa ɗan'uwan Baba ga Goggo. In faɗi gaskiya maganar Hamma ba ta banza ba ce. Yace akwai marayun ƙaninmu da kuɗin lakwal ɗinsu, wato makaranta, ke kanmu, akwai mata biyu da suka dawo gida, kuma in zauren ya faɗa kan yaron maƙwabta wa zai amsa. Ni ba ni da amsa sai zafin zuciya. Goggo ce ta yi magana daga bakin shigifa, tace babana, haka take kiransa dan sunan mahaifinta gare shi, a nan aka ɗaura auren uwarku, a nan aka raɗa wa kowannenku suna, daga nan aka ɗauki ubanku, ku bari in bi shi tukuna sai ku yi kantinku. Wuri ya yi tsit. Ni kuma na samu ƙofa nace Hamma ka ba ni shekara guda, in ban tsayar da shi ba ni da kaina zan kawo masu diga. Yace ya ba ni. Shekarar nan ta zama kusan uku.

Farkon abin da na gane shi ne gidan da muke ta rigima a kai ko takarda ɗaya ba shi da ita. Kowa a unguwa ya san namu ne, fadar Lamido ta sani, amma titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, babu. Kuma duk ofis ɗin da ka shiga da maganar gini tambayar farko ita ce ina shaidar naka ne. Sai da muka koma baya, aka rubuta takardar taron dangi kowa ya sa hannu, muka je kotu aka fitar mana da hukuncin da ya lissafa magada. Rabon gado dai malamai sun riga sun yi bisa shari'a, wannan na hukuma ne.

Dokar filaye ta 1974 tana da wata ƙofa da ta yi mana rana, duk wanda yake zaune kan fili ko yake amfani da shi tun kafin 5 ga Agustan 1974, shi ko magadansa, zai iya neman titir kai tsaye. Mu kam zauren kansa ne shaidarmu. Ana kai dosiye, wato tarin takardun nema, ofishin supirefe, wakilin gwamnati a gunduma, a sa rana, komisiyo ta sauko, a cikinta akwai supirefe da mutanen kadastir masu awon filaye da mai unguwa da dattawa, jomet ya auna ya kafa duwatsun iyaka, maƙwabta su shaida. Daga nan a buga sanarwa a jira kwana 30 ko akwai mai ja, sannan a rubuta titir. Tun gyaran da aka yi wa tsarin a 2005 ba sai takarda ta je Yawunde ba, a nan ake gamawa. A baki kenan. A ƙafa kuwa na ci takalmi biyu, kuma a ɗaya daga cikin ofisoshin da ba zan kama suna ba dosiyenmu ya yi ɓatan dabo wata huɗu, kullum ka dawo jibi. Abin da ya cece ni fotokopi, duk takardar da zan miƙa sai na yi mata uku kuma ba na barin wurin sai an buga min hatimi a kan tawa. Tambur ɗin da ake manna wa takarda ma da muka fara jaka ɗaya ne, wato sefa 1000, muna cikin yi ya koma 1500 a 2023.

Ranar awo an yi abin dariya da ya kusa zama abin kuka. Katangar da ke tsakaninmu da maƙwabcinmu ta ƙasa ce, kaurinta ya fi rabin mita, jomet ya tsaya da dutse a hannu yace ina zan kafa, ta nan ko ta can. Maƙwabci yace kakansa ne ya gina, Bappa yace ƙarya haram, muryoyi suka fara tashi gaban baƙi. Wani tsoho cikin dattawan, da ƙyar yake tsayuwa, ya ɗaga sanda ya nuna saman katangar yace ku duba ina ta karkata, ina ruwanta ke zuba. Aka duba, ganganta cikin gidanmu take zubarwa. Yace to mai katanga ba ya zuba wa maƙwabci ruwa, a da haka ake yi. Maƙwabcin ya yi shiru, Bappa kuma dan a zauna lafiya yace a kafa dutsen a tsakiya, aka tashi da addu'a.

Titir ya fito da sunan magada gaba ɗaya, kuma da gangan muka yi haka. Fili mai titir ba a sayar da shi sai ta hannun noter, mai rubuta cinikin fili a hukumance, noter kuwa ba zai rubuta ba sai kowa ya sa hannu. Kenan babu wanda zai wayi gari cikin matsi ya sayar da bakin titi a ɓoye, har ni.

Maganar kayan tarihi ɗiyar yayata Adda ce ta kawo ta, ta yi karatun tarihi a jami'ar Ngaundere. Tace Kawu ai akwai doka, lamba 2013/003 ta 18 ga Afrilun 2013, ita ke kula da kayan gado na al'ada a Kamaru, ta maye gurbin ta 1991, kuma ba fadoji kaɗai ta shafa ba har gidan mutum in yana da daraja ta tarihi ko ta gini. Ni a lokacin na ɗauka da na kai hoto za a ce ga kamiyon kaya ga ma'aikata. Muka je ofishin yanki na ma'aikatar al'adu, wanda ya karɓe mu ya zaunar da mu ya yi mana bayani a tsanake. Abin hawa-hawa ne. Akwai shiga lissafi, wato a zo a gani a rubuta cewa abu kaza yana wuri kaza ga kamanninsa ga tarihinsa. Can sama kuma akwai kilasma, a ayyana shi cikin kayan da doka ta tsare, daga nan gidan yana nan naka amma ba ka rushewa ba ka canja mishi fasali sai da izini. Na tambaye shi UNESCO fa, ya yi murmushi yace Alhaji fadar Rai Buba guda tun 2006 take jerin jira. Daga baya a 2025 muka ji an shigar da Diy-Gid-Biy, tsofaffin gine-ginen dutse na duwatsun Mandara, cikin ainihin jerin UNESCO, shi ne wurin al'ada na farko da Kamaru ta samu a ciki, na tuna da tambayata na ji kunya.

Suka ce mu kawo wasiƙa da hotuna da zanen gidan da tarihinsa. Wannan aikin ne na fi jin daɗinsa a duk tafiyar. Ni da yarinyar muka kwana uku muna awo da mita, ita ke zane ni ke riƙe bakin igiya. Sannan ta kunna waya ta ajiye gaban Goggo. Abubuwan da tsohuwar nan ta faɗa ni da na girma a gidan ban taɓa ji ba. Ashe ramin da ke bangon shigifa wanda muke ajiye makulli wurin fitilar man gyaɗa ne, baƙin da ke samansa hayaƙi ne. Ashe filin da ke tsakanin zaure da shigifa turken doki ne da masaukin fatake, kuma ɗan benen nan ba dan kwalliya aka yi shi ba, goro ake ajiyewa a ƙasansa saboda sanyi, maigida yana kwana a sama yana jin motsin kowa. Ta ce ranar yaɓe a da kaman biki ne, samarin unguwa su kwaɓa, mata su dama kunu, gobe a koma gidan wani.

Da na kawo wa dangi bayanin kilasma sai aka watse min. Bappa yace kai yaro, ka kai gidan ubanmu ga gwamnati da hannunka. Na yi ta bayani ba ƙwacewa ake yi ba, amma da na kwanta na yi tunani sai na ga akwai gaskiya a tsoronsa ta wani gefen. Gida ne da mutum ashirin da wani abu ke kwana ciki, gobe a so fasa taga jibi a so ƙara bayi, in kowanne sai an rubuta wasiƙa an jira, mutanen gidan da kansu za su tsani zauren. Muka tsaya kan shiga lissafi kawai. Mutum biyu suka zo suka ɗauki hoto suka cike takardarsu suka sha shayi cikin zauren suna ta kallon rufi. Abin da ke hannuna yanzu kofin wasiƙarmu ne mai hatimi. Takardar nan ba ta tare ɗigon ruwa ko ɗaya ba, amma ta yi aiki wuri guda. Da ɗan kasuwan nan ya dawo yana matsa wa Hamma, na ajiye mishi ita tare da tuna mishi cewa dokar tsara birane ta 2004 ta ce rushe gini ma sai da izinin meri, wato ofishin magajin gari, nace in za ka nemi izinin ka haɗa da wannan. Bai sake zuwa ba.

Sai aikin kansa, nan ne ido ya raina fata. Duk Garwa na rasa magini. Masu farfan kam ga su nan kaman ƙasa, kowanne ya zo ya kalla sai yace patoron a zuba ginshiƙin kankare a kusurwa huɗu a ɗora dal, wato rufin kankare, wani ma cewa ya yi a sa waya a sake shafa siminti mai ƙarfi. Ta hannun wani dattijo a fadar Sarkin Hausawa aka kwatanta min wani tsoho a Marwa, asalinsa mutumin Damagaram ne, na hau mota na je na ɗauko shi. Da ya iso ko ruwa bai sha ba, ya tuɓe takalmi ya zagaya zauren yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa yana kasa kunne, inda ya yi kaf-kaf ya wuce, inda ya yi fam-fam ya ja layi da gawayi. Ya hau rufi ba takalmi yana takawa a hankali kaman mai tafiya kan ƙwai. Ya sauko ya gutsuri ƙasar bangon ya murza ya sansana. Sannan ya juyo yace wa ya sa wa bangon nan siminti. Nace Baba ni ne. Yace ɗana bango yana gumi kaman mutum, kai kuma ka sa mishi rigar leda. Amma yace bakan duka huɗu lafiyarsu ƙalau, wanda ya ɗaure su gwani ne, ciwon a bangon gabas yake da gefen rufi inda indararo ya toshe.

Bai yarda a taɓa komai ba sai da ruwa ya ɗauke. Da lokacin kaka ya zo aka tokare rufin daga ciki da itatuwa, aka fara ɓamɓare simintin da hannu, ƙaramar kurfi da guduma, kaɗan-kaɗan, dan in ka fizge da ƙarfi da naman bangon yake tahowa. Aka bar shi tsirara iskar hunturu ta busar da shi wajen wata biyu, mutanen unguwa na wucewa suna cewa ashe dai rushewar za a yi. Ƙasar da aka kankare bai bari an zubar ba, yace ta riga ta san gidan, aka haɗa ta da sabuwar jar ƙasa da aka kawo a kamiyo. Kwaɓin ma ba irin na yau a kwaɓa yau a ɗora ba ne. A zuba ruwa a tattake da ƙafa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a rufe a bar shi ya ruɓa kwanaki, a sake buɗewa a tattake, sau uku. Wari kam ba a magana, matan gida sun yi min Allah ya isa a ɓoye na sani. Tubalin da hannu ake mulmula shi, gindi faɗi kai tsini, a shanya ya bushe, in za a jera tsinin ke kallon sama a cike tsakani da kwaɓi. Yaro na ƙasa yana jefawa tsoho na sama yana cafewa, ko kallon hannunsa ba ya yi.

Azara ce ta fi cin kuɗi da rai. Giginya ake tsagawa, kuma yace namiji yake so dan ya fi tauri gara ba ta cika damunsa ba. Kusa da Garwa babu mai sayarwa, sai daga wajen Yagwa aka samo mana, da takardar ma'aikatan daji dan kar a sauke a hanya. Guda goma sha ɗaya aka canja. Da aka zaro tsofaffin na ga abin mamaki, tsakiyarsu gudumar ma tsalle take yi a kai, bakin da ke cikin jiƙaƙƙen bango ne kawai ya zama gari. A kan azara aka shimfiɗa zana, aka bi da ƙasa hawa-hawa ana daɓewa, ana karkata ta wajen indararo.

Na ƙarshe makuba. Yaran yanzu da yawa ba su san ta ba, ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne ake dakawa a jiƙa, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi, shi ke sa ruwan sama ya zame. Wajen mata masu daddawa muka tara ta, su da suke zubarwa sai ga mu muna biya, farashi ya tashi cikin sati. Tsohon yace da Kano ne ko Zariya a da, laso zai yi wa rufin, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema, ya fi makuba daɗewa nesa ba kusa ba, amma ina marinar take. Da ya zo kan fuskar zauren sai ya kori kowa, ya yi zanen da yatsunsa tun yaɓen na ɗanye, dagi a saman ƙofa da layuka kewaye da ita, yana bin ɗan abin da ya rage na tsohon zane da muka tarar ƙarƙashin simintina. Ya mayar da zanko ukun da suka faɗi. Goggo aka riƙo ta fito ta gani, ba ta ce komai ba sai ta shafa bangon ta shafa fuskarta.

Ba komai ne muka yi irin na da ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ruwan Garwa ya kai milimita 1000 a shekara kuma cikin 'yan watanni yake zubowa, ga shi babu samarin gayya yanzu. Gindin bangon waje dutse muka jera da ɗan siminti muka tada dakali ya fi titi, aka ja rariya ta ɗauke ruwan unguwa. Indararo na kwano muka sa masu tsawo dan ruwa ya faɗi nesa da bango. Benen kuma, bayan doguwar muhawara, kwano muka ɗora a saman rufin ƙasar aka ɓoye shi bayan rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye saman rufi, daga titi ba a gani. Tsohon bai so ba, kwana biyu ba ya amsa gaisuwata sosai, amma ni na san ba mai hawa can duk shekara. Wayar kuran, wato lantarki, a cikin roba aka bi da ita saman bango, ba a sassaƙa ko'ina ba.

Butik fa, an yi su, guda biyu ba huɗu ba, a gefen da dama katangar farfan ce. Hayar ɗaya ta marayu, ta ɗayan kuma asusun yaɓe, ba a taɓa ta ko da biki ko da rasuwa. Muka rubuta haka, da cewa duk shekara kafin ruwan farko za a hau a duba rufi, kowa ya sa hannu gaban mai unguwa aka kai aka buga hatimi. A ganina wannan 'yar takardar ta fi duk sauran da na yi yawo a kansu amfani ga zauren, dan ita kaɗai ce ta faɗi wa zai biya.

A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, in kuran ya ɗauke ɗakunan kwano suka zama tanda, zauren cika yake yi, har maƙwabcin da aka yi rigimar katanga da shi yana zuwa da tabarmarsa. Hamma ma nan yake ƙailula, ko da yake har yau in an yi maganar kuɗin da aka kashe sai ya ce da butik huɗu ne da yanzu an mayar. Ban taɓa musa mishi ba dan lissafinsa daidai ne.

Abin da ke damuna yanzu shigifa ce, wata tsaga ta fito daga saman ƙofarta tana gangarowa, na manna mata takarda da kwanan wata in ga ko tana buɗewa. Tsohon ƙafa ta hana shi hawa tsani, yaron gidanmu da na haɗa su dan ya koya ya yi wata biyar ya iya kwaɓi da tubali sai ya samu mashin ya tafi haya, ban ga laifinsa ba, zauren ɗaya ba ya ciyar da magini. Na lallaɓa shi ya yarda zai ba ni sati biyu kafin damuna, tsohon zai zauna a ƙasa kan kujera yana nuna mishi da sanda. Makuba buhu uku nake nema, na samu ɗaya da rabi.